Ni Na Ja Layin

Ni ne Ladan mai fenti, na Gidan Igwai,
kwalta ta cinye mini takalma bakwai,
rana ta dafa ƙeyata kamar ƙwai,
ina jan fari bisa baƙi, shi ke nan kawai.

Hanyar Sakkwato zuwa Illela rubutuna ne.
Inda layi ya tsinke ya sake tsinkewa, izini ne:
leƙa, in babu mai zuwa, wuce, rabonka ne.
Inda ya miƙe bai numfasa ba, bango ne,
ko da idonka bai ga tubali ba.

Na sha faɗin haka a tasha, wurin mai shayi,
direbobi na dariya har suna ɓarar da kofi:
"Malam Ladan, ai fenti na, ba shingen ƙaya ba."
Bagudu kaɗai ke shiru, yana tsoma burodi.

Wata Laraba, a fadama bayan Kware,
muna tattara albasa magariba ta rufe,
kububuwa ta sari Moyi a idon sawu.
Ɗan shekara tara. Bai yi kuka ba, ya dube ni.
Motar Bagudu ce kusa. Na rungume shi a baya,
ƙafar na kumbura kamar salka a cinyata.

Sai ga babbar mota gabanmu, shanu har wuya,
tana jan ciki, hayaƙi ya rufe hanya,
daidai kwanar nan mai tsohuwar tsamiya,
inda na ja layi biyu da azumi a bakina.

Na ce, "Bagudu, wuce!"
Bai wuce ba.
Na ce, "Don Allah, don Annabi, yaro na tafiya!"
Ya ce, "Kai kaj ja shi, Ladan.
Motar asibiti doka ta yahe mata,
ita da ta 'yan kwana-kwana,
don ana jin jiniyarsu tun nesa, a kauce.
Mu, wa ka jin mu bayan kwanag ga?"

Ya kunna fitilu huɗu suna ƙifta ido,
ya danna oda, ya fid da hularsa ta taga.
Na zage shi. Ban ɓoye ba, na zagi Bagudu.
Na zagi bokitin fenti da hannun da ya riƙe shi.
Taku ɗari uku ne layin, ni na auna,
sai na shiga ƙirga su bisa ƙirjin ɗana.

A ɗari da sittin
tirela mai ido ɗaya ta fito daga duhu,
ta bi gefen da nake roƙon mu shiga,
iskarta ta girgiza mu kamar buhun ƙaiƙayi.
Babu wanda ya ce uffan.

Can layi ya tsinke.
Yaron mota ya kaɗa tocila daga saman shanu,
direbansa ya raɓa gefe, Bagudu ya taka.

Moyi na nan. Yana ɗingishi in an yi sanyi,
yana buga ƙwallo da ƙafar hagu.
Amma wani dare tambaya kan hana ni barci:
da hanyar ta kasance fayau, babu tirela,
da taku ɗari ukun nan sun cinye mini shi,
me zan ce da layina?
Ban samu amsa ba. Bagudu ma ba ya son zancen.

Ran Litinin na koma da bokiti da igiya,
na ƙara wa kwanar farin da ya dushe.
In ka bi ta wurin tsamiya, rage gudu ka duba:
akwai inda layin ya ɗan karkace, kamar taki guda.
Nan ne hannuna ya yi rawa.